Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Neman Aikin Kafinta a Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya ne a inda na kulle rumfata na sallami yaran da ke koyon aiki a hannuna. Wanda bai zauna Zamfara a watan Satumbar 2021 ba, zai ga kamar na yi gaggawa. A farkon watan aka katse layukan waya a jihar, gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, aka hana ɗaukar dabbobi a mota, aka hana sayar da fetur a jarka. Don a matse 'yan bindiga aka yi, amma kafintan ƙauye da ranar kasuwa yake rayuwa. Sai manomi ya sayar da sa ko buhun gero sannan zai zo ya ce a yi wa ɗiyarsa gado da kabad. Da kasuwa ta tsaya, mu ma muka tsaya.

Na kai iyali wurin surukaina a Gusau, na ɗaure kayan aiki a buhun taki: zarto, guduma, filen, kurfi, sukwaya da tef. Na bi ta Talata Mafara zuwa Sakkwato, daga nan ta Tambuwal, Jega da Kalgo har Birnin Kebbi. Kusan duk shingen da muka tsaya sai an kwance buhun nan an zazzage, ni kuma in yi ta bayanin cewa kurfi na huda katako ne. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana zaune a unguwar Badariya yana sayar da hatsi, shi ya ba ni tabarma a zaurensa.

Aiki akwai shi a garin, wannan ba shakka. Tun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato a 1991 garin ke faɗaɗa, kuma kuɗin shinkafa ya shigo hannun mutane, ko'ina ka duba wajen Gesse da hanyar Kalgo bulo ne ke tashi. Abin da babu shi ne yarda. A watan Yunin shekarar aka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, zukata duk a tsorace suke. Da ka buɗe baki ka ce daga Zamfara kake, sai fuskar mutum ta sauya, ko da bai ce komai ba. Ban ga laifinsu sosai ba. Kafinta ba kamar mai gyaran taya ba ne da ke bakin titi, shi har uwar ɗaka ake shigar da shi ya auna bango, ya ga inda ƙofa take da inda akwati yake. Wa zai shigar da wanda bai san asalinsa ba?

Kawu ya ce in riƙa sammako wurin 'yan katako, don duk mai gini sai ya bi ta nan. Haka na yi. Ina zama gefen wata rumfa, in an sayi tu-bai-fo, wato katako mai inci biyu da huɗu, ko fallen filawud in taya lodi a amalanke, ina yi ina sanar da cewa ni kafinta ne. Tambaya ɗaya ce ke dawo mini kullum: “Wa yas san ka garin ga?” In na ce Kawu, sai a ce ai shi hatsi ya sani. Ɗan abin da na samu bai wuce gyaran ƙofar da ta sauka ba, da benci na makarantar Islamiyya, da akurkin kaji.

A nan wani ɗan kwangila ya tsince ni. Gidaje yake ginawa yana sayarwa, yaransa na kiransa Injiniya, ni ma na bi sahu. Bai tambaye ni gari ba, bai tambaye ni wanda ya koya mini ba. Ya dubi hannuna ya ce, “Kana hawa sama?” Na ce ina hawa. Ya ce gobe in zo. Kuɗin yini yake biya, ba jinga ba, kuma ranar Alhamis da yamma yake sallama. A halin da nake ciki, wannan Alhamis ɗin ta fi mini komai, domin ita ce ta sa na fara aika wa iyali ɗan abin cefane.

Sai dai tun ranar farko na ga yadda ake aikin. A wurin mahaifina na fara sanin rufi, lokacin da azarar giginya ake yi, daga baya maigidana ya koya mini na kwano, kuma abu uku ya hana ni wasa da su. A shafe katako da maganin gara ko baƙin mai kafin ya hau. A ɗaure katakon da ke kan bango da langalanga ko rodi, a lanƙwasa shi cikin gini. Kada a buɗa tazarar katakon da kwano ke kwanciya a kai don a rage kuɗi. Wurin Injiniya, inda ya kamata tu-bai-fo ya zauna sai a sa tu-bai-tu, ƙusa inci huɗu a mayar da ita inci uku, langalanga kuwa sai a kusurwa kawai, inda ido ke gani. Na yi masa magana sau ɗaya, cikin ladabi, na ce iskar farkon damina a ƙasar nan ba ta da wasa. Ya yi dariya ya ce, “Malam, kafin damina na sayar da gidan.” Silin in ya rufe, ba mai sanin abin da ke sama sai ranar da kwano ya tashi.

Sannan akwai wani yaro da muke aiki tare, ɗan wajen Argungu, ƙafarsa ta zame daga kan rafta ya faɗo a kan tarin bulo, hannu ya karye. Injiniya ya ba shi kuɗin kabu-kabu da ɗan abin da zai kai wa mai ɗori, shi ke nan. Washegari wani ne a gurbinsa. Ba mugunta ba ce ta musamman, haka tsarin yake: ranar da ka hau sama aka san ka, ranar da ba ka hau ba babu kai.

Ana cikin haka wata rana da hantsi mutum biyu suka zo a babur, suka yi sallama, suka ce in sauko. Dattijo ɗaya da wani matashi riƙe da littafi. Suka ce su 'yan ƙungiyar kafintoci ne. Ashe rufin da muke kai wani ɗan ƙungiya ne ya fara shi, suka saɓa da Injiniya kan cikon kuɗi ya sauka, kuma dokarsu ita ce ba mai ɗora guduma a kan aikin ɗan'uwansa sai an warware. Ni ba ɗansu ba ne, don haka ba su da tarar da za su ci ni. Dattijon ya ce, “Ɗana, ba faɗa muka zo ba. Baƙo kake, yunwa kuma ba ta san doka ba. Amma ka zo taro ran Juma'a bayan la'asar ka ji yadda muke.” Da suka tafi Injiniya ya ce kada in kula su, 'yan karɓar kuɗin kati ne kawai.

Bari in ɗan yi bayani, don na lura in aka ce ƙungiya wasu NLC, ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ke zo musu a rai, da yajin aiki da maganar mafi ƙarancin albashi. Naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 ba ta taɓa shafar mai guduma a rumfa ba, don mu ba mu da albashi balle a yi masa ƙasa da sama. Ƙungiyarmu ta masu sana'a ce. Akwai ciyaman, da sakatare, da ma'aji. Ana biyan kuɗin rajista sau ɗaya, a ba ka kati mai hoto, sannan akwai ɗan abin da ake zubawa duk taro.

Na je taron. A wata rumfa aka yi shi, kan bencina, ƙurar katako har idon sawu. Abin da aka fara saurara ƙarar wata mata ce da ta ba wani kafinta kuɗin gado da madubi na auren ɗiyarta, biki ya matso, mutum ya daina ɗaukar waya. Ƙaninta ne ya zo a madadinta, ya ce daga nan ofishin 'yan sanda zai wuce. Ciyaman ya sa aka kira kafintan, ya tsaya gaban kowa yana sunkuyar da kai, ya ce kuɗin ya shiga asibitin matarsa. Ba a yi dogon surutu ba. Aka ce ma'aji ya fitar da kuɗin katako daga asusu, mutum uku su taya shi aikin kafin ranar jere, shi kuma ya riƙa biya duk taro har ya gama, da tara a kai. Ƙanin matar ya karɓi alkawarin ya tafi. Abin da ya tsaya mini shi ne, ba alkawarin kafintan ya karɓa ba, na ciyaman ya karɓa.

Bayan an watse sakatare ya zaunar da ni ya karanta mini sharuɗɗa, a nan ne jikina ya yi sanyi. Suna da farashin da ba a sauka ƙasa da shi, musamman a rufi, inda ake lissafi da bandir na kwano, kowane bandir falle 20. To ni baƙo, da me zan ja mai aiki in ba da sauƙi ba? In farashina ɗaya da na wanda ya shekara ashirin a garin, wa zai bar shi ya zo wurina? Na biyu, babban aiki in ya shigo ta hannun ƙungiya, irin kujerun makaranta ko rufin masallaci, shugabanni ke rabawa, kuma ba sai an gaya maka ba, wanda ya daɗe da wanda ke kusa su ke fara ci. Har yau ina da wannan ƙorafin, kuma na sha faɗarsa a gabansu. Na uku, in na shiga, aikin Injiniya ya haramta gare ni har sai ya biya wancan mutumin, kuma na san ba biya zai yi ba. Wato in saki Alhamis ɗin da nake da ita a hannu, in kama kati.

Daren nan na kwashe duka na gaya wa Kawu. Shi ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, “Kwana nawa kaka son yi garin ga?” Na ce ban sani ba, sai abin da Allah ya yi da gida. Ya ce in na wata biyu ne, in bi mai biyan Alhamis in tara abin da zan tara. In kuwa zan ɗauko iyali, to in nemi waɗanda in an kama ni da dare za su zo da safe su ce namu ne. Ya juya ya ci gaba da jan tasbaha. Maganar ba ta yi mini daɗi ba, saboda ni a raina ban gama yarda cewa na bar gida ba. Shiga ƙungiya a wurina kamar sa hannu ne cewa zaman ya yi tsawo.

Saura matsalar shaida. Suna son mutum biyu 'yan ƙungiya su tsaya maka, ko ka kawo takardar yaye daga maigidanka. Maigidana ya rasu, kuma a wurinmu ba takarda ake bayarwa ba, addu'a ce da zarto da guduma. Da na faɗa wa ciyaman haka, ya yi shiru, sannan ya ce, “Wa yak koya maka ba ya nan, amma hannunka na nan. Taho ran Litinin.”

Ran Lahadi da dare Injiniya ya kira ni, ya ce ya samu aiki a Jega, rufi da silin, mota za ta tashi da asuba, kuma zai ƙara mini a kan kuɗin yini. Na ce masa ina da uzuri da safe. Ya ce in mota ta tashi ba ni, kada in sake nemansa. Akwai sauran kuɗina na kwanakin baya a hannunsa, mu duka mun san abin da maganar ke nufi.

Litinin na isa rumfar ciyaman kafin ya buɗe. Da ya zo bai ce mini komai ba bayan gaisuwa, ya shiga ciki ya jawo guntayen maɗaci guda biyu, busassu, ya ajiye a kan teburin aiki. Ya ce in haɗa su kamar ƙafar tebur da gindinta, ba ƙusa, ba gam, ba inji. Maɗaci in ya bushe yana da taurin kai, in ka matsa masa da kurfi ba ta inda ya so ba sai ya tsage. Na wasa kurfina a dutsensa, na ja layi da sukwaya, na huda ɗaya, na fere bakin ɗayan da zarto ina bin layin ta waje don kada ya yi sako-sako. Yaransa sun bar abin da suke yi sun kewaye ni. Da na gama na buga da tafin hannu ya shiga rabi, na ɗora guntun katako na bi da guduma a hankali har ya zauna. Ciyaman ya ɗauka ya ɗaga wajen haske yana neman kafa, ya kama da hannu biyu ya girgiza, ya miƙa wa dattijon nan da ya zo wurin gini. Shi ma ya jujjuya, ya ce, “Ni na tsaya mishi.” Ciyaman ya ce shi ne na biyu.

Kuɗin rajista Kawu ya ranta mini, na hoto kuma na sayar da zarto ɗaya cikin biyun da na zo da su. Kuɗina na wurin Injiniya har yau ban gan su ba, kuma ƙungiya ba ta iya karɓo mini ba tunda lokacin da na yi aikin ba ɗanta ba ne. Kati ya fito, na sa a aljihu, sai kuma aka shiga makonni ba wanda ya kira ni ko gyaran kujera. Kiran farko da ya zo daga sakatare ne, wai akwai wani rufi a wani ƙauye bayan Kamba, dab da iyakar Nijar, wanda duk 'yan ƙungiya suka ƙi zuwa. Dalilin ƙin nasu, da abin da na tarar a can, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.