Daga Adelaide zuwa gandun shanu

Da asuba muka bar Adelaide, a kudancin Ostireliya, inda nake aikin jinya a babban asibiti, muka nufi arewa. Daga Port Augusta muka hau titin Stuart, miƙe sambal, da wuya ka ga ƙauye ko rumfar mai shayi, sai jar ƙasa da gajerun itatuwa. Tireloli masu jan bodi uku, tsawonsu ya haura mita 50, in sun gifta sai motarmu ta yi rawa. Muka kwana a Coober Pedy, garin masu haƙar dutsen opal, inda zafi ya sa mutane da yawa suke zama a gidajen ƙarƙashin ƙasa. Washegari kwalta ta ƙare.

A yankin nan gandun Anna Creek yake, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 23,000. Gandun da muka je bai kama ƙafarsa ba, amma daga ƙofar shinge zuwa gida sai da muka ci kusan awa guda. Ba makiyayi mai sanda a nan, babura da jirgi mai saukar ungulu ke koro shanu. Ruwan burtsatse ne, ɗumi, mai ɗan gishiri. Ƙudaje kuwa, a bar zancen.

Matar manaja ta buɗe mini wani akwatin ƙarfe na Royal Flying Doctor Service, likitocin jirgi da John Flynn ya kafa a 1928. Kowane magani da lambarsa. Likita yana can nesa a waya, sai ya ce a ba mara lafiya lamba kaza. Da farko abin ya yi mini banbaraƙwai, ni da na saba danna ƙararrawa likita ya shigo. Amma da akwatin nan matar ta raini 'ya'yanta, kuma ta fi ni sanin cikinsa.

Wata magariba wani saurayi ya faɗo daga babur, ƙafa ta karye. Muka ɗaure ta da katako, na ba shi maganin ciwon da likita ya ambata, na zauna ina duba bugun jini a yatsun ƙafar. Maza suka bi filin saukar jirgi da mota suna korar kangaru da shanu, suka jera fitilu gefe da gefe. Dare ya yi nisa kafin jirgin ya sauka ya ɗauke shi.

Ƙarfe biyar na asuba aka tada babura, aka koma koron shanu. Ni kuma na zauna rubuta lambobin magungunan da suka ragu a akwati don a aiko da wasu.