Kwamfuta a shagon sari: wa ake turawa horo?

Aikina lissafin kuɗi ne a wani shagon sari kusa da Kasuwar Dole a Damagaram, Nijar, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan aiki shi ne yadda masu gida ke zaɓen wanda za a koya wa sabuwar na'ura. Da an sayi kwamfuta sai a tura ɗan mai gida, ko wanda ya fito Jami'ar André Salifou, tunda shi ke jin Faransanci. Mai kula da magaza, wanda ya san buhu nawa ya shigo daga Kano ta Magarya, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, sai a bar shi da littafinsa. Daga nan shago ya zama da lissafi biyu, kuma na littafin ne ke da gaskiya.

Tun da hukumar haraji ta kawo rasit na na'ura a 2021, ƴan kasuwa da yawa suka shiga wannan hali ba shiri. Horon da ake bayarwa kuwa bai cika kallon yadda muke ciniki ba. Mu a bakinmu dala muke ƙirgawa, na'ura kuma faran ta sani, dala ɗaya kuwa faran biyar ce. Mai saye ya ce dala ɗari, yaron shago ya danna 100 alhali 500 ake nufi. Malamin horo ba ya kawo wannan, don shi bai taɓa tsayawa bayan kanta ranar da kasuwa ta cika ba. A wurinmu wani yaro da iliminsa na allo ne ya warware matsalar: ya rubuta kowane farashi da lissafin biyu a kwali, ya manna gefen na'urar.

Bai yi haka ba sai da Alhaji mai shagon ya daina cire kuɗin kuskure daga albashi. Muddin ana cirewa, yaro ɓoye kuskurensa zai yi, ya kuma guji taɓa na'urar, kuma ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Da aka mayar da bayan la'asar lokacin zama a duba cinikin yini tare, kowa ya faɗi inda ya maƙale, sai shawarwari suka fara fitowa daga waɗanda da ba a tambayar su.

Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, mai magazan nan ne ya ce a riƙa ɗaukar hoton takardun ciniki ana turo mini ta WhatsApp, in shigar idan wuta ta dawo. Yanzu shi ke koya wa sababbin yara shigar da kaya, da Hausa, a tsaye cikin buhuna, kuma na roƙi Alhaji a ƙara masa albashi saboda wannan koyarwar.