Kalmar "oke" a bakin Inna

Yau muna waya da Inna na ce gobe zan shigo, ta ce, "To oke, Allah ya kai mu." Innar da ba ta taɓa shiga ajin boko ba! Raina ya yi fari, har na tuno asalin kalmar. A 1839 wata jarida a Boston ta Amurka ta buga OK cikin raha, wai gajarta "oll korrect", wato "all correct" (komai daidai) a Turance, da gangan aka karkata rubutun don yayi ne lokacin. Da tuni ta ɓace kamar 'yan'uwanta, sai magoya bayan shugaban Amurka na lokacin, Martin Van Buren, mai laƙabin "Old Kinderhook" (shi ma OK in an gajarta), suka ɗauke ta a zaɓen shugaban ƙasa na 1840. Ya faɗi zaɓen, ita ta zauna.

Ina mamakin kalmomi nawa muke furtawa kullum ba mu san mafarinsu ba.