Kujerun mashayar Devesham sun fito, kowacce da tsaga a ƙafa ɗaya

Jama'a, a taya ni murna. Ɗakin mashayar nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya fara kama hanya, kuma mazubi ne ya warware matsalar da fenti ya kasa.

Ga waɗanda ba su ga farkon aikin ba, ƙaramin samfurin cikin mashayar ƙauyen Devesham nake ginawa a ma'aunin 1:24 (wato komai an rage girmansa sau 24), wadda ta fito a labarin The Android Invasion na shirin Doctor Who. BBC ta nuna shi kashi huɗu daga Nuwamba zuwa Disambar 1975, zamanin da Tom Baker ke fitowa a matsayin Dakta, jarumin shirin. Wajen ginin na gaske ne, mashayar Fleur de Lys ce da ke ƙauyen East Hagbourne a Oxfordshire ta Ingila, amma cikin a situdiyo aka haɗa shi, kuma shi nake bi. Don haka bango uku ne, gefe ɗaya a buɗe inda kyamarori za su tsaya. Na san akwai mai cewa duk gine-ginen duniya sai gidan giya? Ni ɗakin ne ya dame ni. A ƙauyen Ingila nan ne teburin mai shayinsu, inda kowa ke zama, inda baƙo in ya shigo hira ke yankewa. Shi ya sa masu shirya labaran kimiyya na talabijin suke son sa. Ɗaki ɗaya ya tara ƙauye gaba ɗaya, ba ya cin kuɗi wajen haɗawa, kuma mai kallo a can ya san shi ciki da bai, ko ƙaramin abu ne ya kauce zai ji a jikinsa.

To a wannan labarin ƙauyen ma na jabu ne. Wasu halittu da ake kira Kraal ne suka kwaikwaye shi a duniyarsu don su gwada yadda za su mamaye tamu, mutanen cikinsa kuma duk na inji ne. A mashayar asirin ya fara tonuwa: kuɗin cikin akwatin ciniki sabbi fil kuma duk shekara ɗaya aka buga su, allon wasan jifa da ƙananan kibiyoyi babu ramin kibiya ko ɗaya a jikinsa, kalanda kuma kowane shafi aka yage sai a ga 6 ga Yuli. Ke nan abin da aka ɗora mini shi ne in gina ɗakin da ya tsufa amma ba a taɓa zama a cikinsa ba. Duk abin da muka koya na tsufar da aiki kishiyar wannan ne.

Gini bai ba ni wahala ba. Bangon kwali mai kauri ne ninki biyu, na shafe shi da filasta mai ruwa-ruwa. Katakan rufi da kanta daga sandunan askirim. Launin katako kuwa tsohuwar hanyar nan ce: a jiƙa soson ƙarfe a binega ya kwana biyu, a fara shafa wa itacen ruwan shayi mai ƙarfi, in ya bushe a bi shi da ruwan ƙarfen, sinadarin shayin ya haɗu da ƙarfen ya yi baƙi-baƙi kamar tsohon itace. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Inda na maƙale shi ne bayan nan. Hannuna ya saba: da zarar launi ya zauna sai in ɗauko busasshen buroshi in haska gefen kanta inda gwiwar hannu ke gogawa, in bi da samfefa a bakin ƙofa, in ɗiga zoben gindin kofi a kan tebur. Da na yi haka ɗakin ya yi kyau ƙwarai, ya zama mashayar gaske, wato ya tashi daga Devesham ya koma East Hagbourne. Na sake shafe komai da launi guda bai ɗaya, babu gogewa babu karce, sai ya fito kamar kayan wasan yara na roba. Wani ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, yaushe za ka gama fentin?" Ranar ban sake taɓa shi ba. Abin takaicin shi ne gaskiya ya faɗa. A ƙaramin aiki, wuri mai tsabta tas ido ba ya karanta shi a matsayin sabo, yana karanta shi ne a matsayin wanda mai shi ya gaji ya bari. A talabijin suna da Dakta da zai ɗaga abu ya nuna wa kyamara ya yi magana a kai. Ni ba ni da mai magana, ɗakin ne zai faɗa da kansa.

Na gwada rabawa biyu. Akwai tsufan da lokaci ke kawowa, kamar bango ya yi rawaya saboda hayaƙin taba da na murhu, katako ya yi duhu. Akwai kuma wanda hannu da ƙafa ke kawowa, kamar hanyar da takalma suka ci a daɓe daga ƙofa zuwa kanta. Na ce bari in sa na farko in cire na biyu, tunda mai kwaikwayo daga hoto launi zai gani, ba zai san dalilin gogewa ba. A tunani ya yi daidai. A ido kuwa ya ɗan fi, amma har yanzu sai na tsaya ina yi wa mutum bayani, kuma aikin da sai an yi masa bayani bai kammala ba.

Kujeru ne suka buɗe mini ido. Na sassaƙa guda ɗaya da tsinken sakace da guntun sandar askirim, irin mai sanduna a baya, ta ci mini rai sosai, har ƙafarta ta gaba ta hagu ta ɗan tsage wajen matsewa. Ina tunanin sauran da ke jirana sai zuciyata ta mutu, na ce bari in zuba su kawai. Da kwafin farko suka fito daga mazubi na jera su a kan tebur, kowacce da tsagar nan a ƙafa ɗaya, wuri ɗaya, tsawo ɗaya, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ashe ba cire lahani ake yi ba, maimaita shi ake yi. Injin da ya samu kujera ɗaya ya kwafa ba zai san tsaga lahani ba ce, zai buga ta a kan duka. Kuma irin tunanin da ke cikin labarin ke nan, kuɗi shekara ɗaya, kalanda rana ɗaya.

Daga nan na bi komai da wannan ka'ida. Na ƙara wa uwar kujerar lahani da gangan kafin in sake zuba mazubi: gogewa a gefen mazauni, ɗan ɓalli a saman baya. Teburan ma haka. Na zana jijiyar itace da kulli ɗaya a kan guntun roba, na yi hatimi da shi, na buga a kan kowane tebur a kusurwa guda. Zoben gindin kofin da na goge a baya ya dawo, amma yanzu a kan kowane tebur yana daidai wuri ɗaya, rabinsa ya dushe a gefe ɗaya. Tabon hayaƙi a bango na yanka shi a takarda na fesa ta ciki, siffa ɗaya a saman murhu, a saman fitila, har da saman taga inda babu abin da zai kawo hayaƙi. Na sa tabon taga ne don mai lura sosai. Wanda ya kalla daga nesa tsohuwar mashaya zai gani. In ya sunkuya, sai ya ga tebur na biyu irin na farko ne sak, ya koma ya duba na uku. Ƙanen nawa ya dawo, ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Wannan ɗakin akwai abin da ba daidai ba." Wallahi ban taɓa jin daɗin suka irin wannan ba.

Ku sani wannan maimaitawar tawa ce, ban ɗauko ta daga shirin ba. Masu bin hoto ƙafa da ƙafa za su yi ƙorafi, amma na fi son in kama abin da ɗakin ke sa mutum ya ji a kan in ƙirga kwalabe a bayan kanta.

Maganar mazubi. Silikon na zubi na gaske da aka faɗa mini kuɗinsa da kuɗin kawowa, sai na ajiye waya. Na koma kan silikon na masu gilashi, irin mai warin binega, na kwaɓa da garin sitaci. Sitacin ne ke kai danshi cikinsa ya sa ya daskare har ciki cikin ƙanƙanin lokaci, maimakon ya yi fata a waje ciki na ruwa. Marar warin ba ya yi, kada ku ɓata kuɗinku. Ku yi a waje, warin yana shiga ido. Abin da ya ƙona ni shi ne ruwan zubin. Filasta ba ta riƙe ƙafar kujera mai sirantar ashana, tana karyewa tun a cirewa, dole na sayi gam mai haɗi biyu, wanda ya lashe mini sama da naira dubu goma sha biyu, kusan kuɗin duk sauran kayan a haɗe. Na sa siririyar waya a cikin kowace ƙafa kafin in zuba. A shafa man baselin kaɗan a mazubin, sannan a wanke kujerar da sabulu sosai, in ba haka ba fenti zai riƙa tattarewa yana gudu.

Allon jifa kuwa a nan ne ka'idar ta juye, domin shi a labarin rashin ramin ne shaidar. Na gaske faɗinsa kimanin santimita 45 ne, a ma'aunina ya dawo milimita 19, kuma tsakiyarsa na rataye a mita 1.73 daga ƙasa, wato milimita 72 a bangona. Gida ashirin, 20 a sama, 1 a damanta, 5 a hagunta, 3 a ƙasa. Ban ko gwada zana shi da hannu ba, bugawa na yi a takarda mai kauri na manna a kan yankakken murfin kwalba. Don sabuntarsa ta fito sai na ƙara allon rubuta maki a gefensa, baƙi ƙirin babu shafar alli, da alli guda cikakke ba a taɓa karya shi ba. Shi kaɗai ne wurin da na bari tas a ɗakin, kuma yanzu da sauran suka yi tsufan ƙarya, tsabtarsa tana ihu. A da cikin ɗaki mai tsabta ɓacewa yake yi.

Kuɗin akwatin ciniki kuma, tsohon sule biyu na wancan zamani, wato kwabo goma na bayan canjin kuɗin Ingila na Fabrairun 1971, faɗinsa milimita 28.5 ne, a nan bai fi milimita ɗaya da ɗigo ba. Babu mai ganin shekara a kai. Na huda su daga gwangwanin lemo da bakin allurar sirinji da na yanke, na bar su da ƙyallinsu. Rabinsu iskar fanka ta kwashe. Kalandar na buga shafuka da yawa duk 6 ga Yuli, na lanƙwasa na sama biyu da hantsaki don a hango na ƙasa.

Na so in gina wajen ma, to amma wannan ya zama wani aikin. A lokacin BBC na ɗaukar waje da fim mai milimita 16, ciki kuma da bidiyo, shi ya sa launin ke sauyawa da zarar mutum ya tsallaka ƙofa. Abin da na yi kawai shi ne hoton titi a bayan taga, na dusar da launinsa ya yi taushi fiye da na ciki. In na samu ƙarfi, mashayar da zan yi gaba ita ce ta wani labarin Doctor Who ɗin, The Dæmons na 1971, Blue Boar ta ƙauyen Aldbourne a Wiltshire da aka sauya wa suna zuwa Cloven Hoof. A wancan labarin ne aka tarwatsa ƙaramin cocin kwaikwayo a ƙarshe har wasu masu kallo suka kai ƙara suna zaton na gaske aka rusa. Duk mai irin aikinmu ya kamata ya san wannan.

Saura mutane. A shirin an kawo su a mota, suka shigo suka zauna ƙiƙam babu mai motsi, sai da agogo ya buga suka ɓarke da hira kamar ba komai. Daƙiƙar da ta gabaci bugun agogon nake so. Ina ta kai-kawo ko su ma in zuba hannuwansu daga mazubi ɗaya, kowa ya ɗora hannu a gwiwa iri ɗaya, ko hakan zai yi yawa ya tona asirin tun daga nesa. Sannan kujeru biyu daga zubin ƙarshe har yanzu suna da danƙo a ƙasan mazauni, ina zargin awon gam ɗin ne bai daidaita ba. Wanda ya taɓa ceto irin wannan ba tare da ya sake zubi ba, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi, domin gam ɗin da ya rage ba zai kai ni ko'ina ba.