Bitar Buhun PICS da Abin da Takardar Tantancewa Ta Ɓoye Mana

Har yau raina yana ɓaci in na tuna rahoton da aka tura bayan taron bitar adana wake a buhun PICS, buhu mai ledoji biyu a ciki da ke kare wake daga ƙwari. Ranar rufewa an raba takardar jin ra'ayi, kusan kowa ya zaɓi "ya yi kyau ƙwarai". To me za su ce? An ci shinkafa da nama, an karɓi kuɗin mota, malamin kuma yana tsaye a kansu. Wa zai ci abincinka ya kushe ka a gaban idonka?

Sai da rani ya shiga na koma ƙauyukan mahalartan, na roƙi a nuna mini buhunan. A gida na farko, da uwargida ta kwance bakin buhu, ƙwari suka taso, waken duk ya huje. An haɗa ledoji biyun na ciki da buhun waje an ɗaure su da igiya ɗaya. Alhali sirrin wannan buhu, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, shi ne a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwaron ya rasa numfashi ya mutu ba tare da fiya-fiya ba. Na tambaye ta, "Inna, wa ya nuna miki ɗaurin?" Ta ce, "Ɗan nan, maigida ya kawo ya ajiye, ya ce a zuba wake."

Maza muka tara a zaure, mata ne ke ɗaure buhu a cikin gida. Su ne kuma ke buɗewa su ɗebi tiya ɗaya ta girki, iska ta koma. Babu layi ko ɗaya a takardar nan da ya tambayi wa ke adana wake.

Tun 1959 masanin harkar horo Donald Kirkpatrick ya raba auna horo mataki huɗu: jin daɗin mahalarta, abin da suka koya, abin da suke aikatawa, sai sakamako. A na farko aka tsaya, aka rubuta "nasara", mutane kuwa suka yi asarar waken da suka so kai wa Dawanau in farashi ya hau.

Yanzu ba na karɓar aikin tantancewa sai an ware kuɗin komawa bayan watanni. Kafin a tashi daga taro, kowa sai ya ɗaure buhu da hannunsa ina gani. Ƙauyukan nan kuwa mun sake bitar a tsakar gida, mace ce ta koyar, ni ina zaure ina jira.