Baƙin gilashi ba shi ne kariya ba

Sana'ata yanka gilashin ido da haɗa tabarau, a nan Maradi. Mutum ya kawo takardar likita, in auna tazarar idanunsa, in yanka gilashi ya zauna daram. Amma abin da na fi shan magana a kansa shi ne baƙin gilashin rana, don a nan ake cutar mutane.

Ido da kansa yake daidaita hasken da ke shigarsa. Ɗan baƙin ramin nan na tsakiyar ƙwayar ido yana tsukewa cikin rana har ya kai milimita 2, cikin duhu ya buɗe ya kusa 8. Haske ya yi yawa, saƙo ya je ƙwaƙwalwa, ta maido umarni a rage ƙofa. Ko ido ɗaya ka haska da tocila, duka biyun ke tsukewa. Maigidana da ya koya mini aiki ba ya barin yaro ya taɓa injin yanka sai ya fahimci wannan. Ranar kasuwa ya taɓa tsayar da ni gaban wata jar akuya, ya ce in leƙa idonta: ramin nata a kwance yake, na kyanwa a tsaye, namu da'ira, amma aikin ɗaya ne. Ni lokacin hankalina na kan dutsen goge gilashi, so nake in iya fitar da baki sumul ba tsaga, kuma na iya, har yau da hannu nake gyara bakin gilashi mai kauri in inji ya bar shi da kaifi.

To ga inda 'yan talla ke ɓarna. Gilashin roba mai baƙin fenti, na kan faranti bakin tasha, yana rage hasken da ido ke gani, sai ramin ya buɗe. In gilashin bai tare hasken ultrabayolet ba, wanda ba a ganinsa, ya samu ƙofa a wangale ke nan, kuma yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido. Takardar UV400 da ake mannawa, mai cewa gilashin na tare wannan hasken, kowa na iya buga ta. Ni sai na sa gilashi a na'ura gaban mai saye ya gani. Duk da haka sai ka ji, "Haba Malam, ga irinsa can jaka guda!" In ce, "Alhaji, kama da wane ba ta wane."

Ramin ma ƙaramin aiki yake yi. Babban aikin yana can bayan ido, wurin ƙwayoyin da ke karɓar haske. In haske ya daɗe yana dukansu, sinadarin kalsiyam da ke cikinsu ya ragu, raguwar ita ke sa su rage kaifin jinsu, kada su toshe. Komawa duhu ita ke da jinkiri, sai an yi minti 20 zuwa 30 kafin gani ya cika, don sai sinadarin gani da haske ya kashe ya sake haɗuwa, shi kuwa da bitamin A ake yin sa. Shi ya sa mai dundumi ba na sayar masa da komai, wurin likita nake tura shi.

Gilashi mai sauya launi da kansa ina da shi, mai kyau, amma ina faɗin gaskiyarsa. Zafi na rage masa baƙi, ranar Afrilu ta Maradi ba zai yi duhun da yake yi da hunturu ba. Cikin mota ma da kyar yake juyawa, gilashin gaba ya riga ya tare hasken da ke motsa shi. Direbobin hanyar Dan Isa da Katsina, baƙi na dindindin nake ba su, da sharaɗin su cire shi tun kafin magariba. Dillalin da ya taɓa aiko mini kwali guda na jabu da sunan mai sauya launi, na mayar masa da kayansa a motar da ta kawo su.