Wata bakwai bayan aikin baya

Asabar, Birnin Kebbi

Yau na je suna Argungu, gidan ƙanena. Wata bakwai ke nan da yi mini aiki, kuma ita ce tafiya ta farko da na yi wadda ba ta asibiti ba.

Tun asuba na fara shiri. Na sha magani, na ɗauki matashina mai rami a tsakiya, maigida ya biya mini kuɗin kujera biyu a gaban mota don in samu wurin karkata. Tafiyar kusan awa guda ce. Sau ɗaya na roƙi direba ya tsaya, na sauka na miƙe ƙafa. Bara warhaka minti goma ban iya yi a zaune, sai in ji kamar an ɗora mini garwashi daga tsatso har bayan cinya. Tari ko atishawa kuwa sai na riƙe bango.

Shekara uku ana ce mini basir ne, wasu su ce sanyi ne. Na sha jiƙo har na gaji. Sai da aka ɗauki hoton MRI a Sakkwato sannan aka ga abin: 'yar jaka cike da ruwa a tushen jijiya, can ƙasan ƙashin baya. Ruwan nan ne da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka yake taruwa a ciki, jakar ta kumbura ta danne jijiyoyin da ke zuwa ƙafa da mafitsara. Likita ya ce da sunan Tarlov ake kiranta, wani likitan Amurka da ya fara bayaninta a 1938. Ya ce mutane da yawa suna da ita ba su ma sani ba, don ba ta damunsu. Ni tawa ta dame ni.

Da muka isa, mata sun cika tsakar gida. Gwaggo ta kama hannuna tana ta hamdala.

"Kin ga 'yar nan, an yanke ciwo an yar. Zo ki zauna nan kusa da ni."

Na zauna a tabarma, abin da na daɗe ban yi ba. Aka miƙo mini jinjirar, na riƙe ta a cinya, na ci tuwon shinkafa da miyar kifi, duk a zaune. Hawaye suka zubo mini, Gwaggo ta ɗauka murnar haihuwa ce, na ƙyale ta a haka.

Amma maganarta ta tsaya mini a rai, don ba a yar da ciwon duka ba. Gefen ƙafata ta hagu har yanzu a sage yake, takalmi kan zame ban ji ba. Fitsari ya yi sauƙi sosai, sai dai nakan daɗe a bayi kafin ya ƙare, kuma wannan ba zancen da za a yi a gidan suna ba ne. Tun kafin aikin likita ya faɗa mini cewa jijiyar da ta daɗe a danne ba ta farfaɗowa da wuri, ana iya shekara ko fiye, wani abin ma ba zai koma yadda yake ba. Na gode masa da bai ɓoye mini ba. Abin da ke mini nauyi shi ne in na ce na gaji, sai a dube ni kamar ina raina ni'imar Allah, alhali ni na san kwanakin da na yi a kwance ban ɗaga kai ba, da robar fitsari, ana tsoron kada ruwan ya yoyo ta wurin ɗinki.

La'asar na yi ta a ɗakin mai jego. Na yi sujada a ƙasa, zaman tahiya ne ya gagara, na koma kujera.

Mun iso gida bayan magariba, bayana na zogi. Na kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, a haka nake rubutun nan da waya. Gobe hutu zan yi. Jibi in Allah ya kai mu ina so in hau keken ɗinkina ko na minti ashirin ne, akwai rigar makarantar autana da ke jira tun kafin a kwantar da ni.